Kasafin Kuɗin da Muka Rubuta da Buhu da Lita

Ni ne ma'ajin wata makarantar kuɗi a cikin birnin Kano, mai sashen jeka-ka-dawo da na kwana, boko da safe, hadda da yamma. Shekarar kuɗinmu tana bin shekarar karatu ne, daga Satumba zuwa Agusta. A da, haɗa kasafi ba ya hana ni barci. Na bara nake ɗaukowa, in ɗora kashi 10 ko 15 cikin 100 a kan kowane layi, in kai wa kwamitin amintattu, a yi addu'a, a sa hannu. Haka na tarar ana yi, kuma yana biyan buƙata, domin a lokacin kana iya tuna farashin buhun shinkafa na bara ka shiga kasuwa da shi ba a yi maka dariya ba.

Kasafin 2023/2024 ne na ƙarshe da aka yi ta wannan hanya. A Agustan 2023 muka rubuta shi, an riga an cire tallafin man fetur tun ranar 29 ga Mayu, an kuma saki naira a tsakiyar Yuni ta nemi farashinta a kasuwa. Don haka muka yi ƙari mai kauri fiye da na kullum. Dala tana wajen naira 900 a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, a lokacin. Kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,800. Ba mu kaɗai abin ya samu ba. Kasafin gwamnatin tarayya na 2024, duk da masanan da take da su, a kan dala naira 800 aka gina shi, da hasashen hauhawar farashi kashi 21.4, shekarar kuwa ta rufe a kan 34.8. Mu dai kuɗin abincin da muka ware wa zango uku bai fitar da mu na biyu ba.

A zaman da kwamiti ya yi cikin azumin shekarar, na kai rahotona kamar yadda na saba, ga abin da aka ware, ga abin da aka kashe, ga giɓi. Shugaban kwamitin, wani Alhaji da ya tsufa a Kantin Kwari, ya duba shafin farko ya ture takardar gefe. Ya ce, "Ma'aji, wannan takardar taka labarin jiya take ba ni. Ni abu ɗaya nake son ji. Ranar 25 ga watan gobe akwai albashi ko babu? Na watan da ke bi masa fa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, na watan gobe akwai. Na bayansa sai na koma na lissafa." Ya ce to daga yau irin takardar da za ta amsa wannan tambayar yake so, kuma kasafin baɗi kada in kawo masa shi da tsohon salo.

Bayan ƙaramar Sallah, kicin na fara nufa, ba kwamfuta ba. Hajiyar da ke kula da girki a shekaru ta haife ni, kuma ba ta son a riƙa leƙa mata tukunya. Da na ce mata so nake mu ƙirga abin da yara ke ci, sai ta ajiye ludayi ta ce, "Ɗan nan, zargina aka fara yi ke nan?" Na ce, "Haba Hajiya, wa ya isa. Kuɗin ne ba ya tsayawa wuri ɗaya, cikin yaran kuwa yana nan yadda yake. So nake in san abin da ke shiga tukunya da kwano, ba da naira ba." Sai da shugaban makaranta ya sa baki kafin ta saki jiki, amma da ta saki, ita ta fi kowa riƙe littafin.

Zango na uku gaba ɗaya muka yi muna rubutawa. Kwano nawa na shinkafa ke tafiya ranar dafa-duka, masara nawa ake kai wa injin niƙa ranar tuwo, geron koko, wake, jarkar man gyaɗa da ta manja, kwandon kayan miya daga 'Yankaba, itace. Mai kula da janareto aka ba shi littafi ya riƙa rubuta lokacin kunnawa da na kashewa da litar da ya zuba. Direban motar ɗaukar yara shi ma haka. A ofis muka ƙirga rim-rim na takarda da tawadar firinta da alli. Aiki ne mai gundura, kuma da farko kowa gani yake bincikensa ake yi.

Abin da ya fito daga littattafan nan shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Adadi ba ya canzawa sosai. Yaro ɗaya abin da yake ci a mako kusan ɗaya ne, ko dala tana 900 ko tana 1,800. Inda yake motsawa ma sananne ne: dizal yana ƙaruwa daga Maris zuwa Mayu saboda fanka da famfon rijiyar burtsatse, itace yana ƙaruwa da sanyi saboda ruwan zafi, takarda tana ƙarewa a makon jarrabawa. Mun kuma gano wani abu da lissafin naira ba zai taɓa nuna mana ba. Buhun da aka saba da shi mai kwano 40, idan tsada ta yi tsada, sai ka zazzage ka tarar bai cika ba, farashi kuwa na cikakke ka biya. Daga nan muka sayi sikeli muka ajiye a bakin sito, duk abin da ya shigo sai an ɗora.

Da na koma kan kwamfuta, sai na ba kowane kaya layi guda a Excel, da gida biyu: adadin da muke buƙata a shekara, da farashin yau. Na farkon ba na taɓa shi sai in yawan ɗalibai ya canza. Na biyun kuwa duk ranar Asabar nake sabunta shi, in kira dillalinmu na Dawanau, in kira mai shagon da muke sayen sukari da fulawa a Singa, in tambayi direba nawa ya sha mai. Da na canza lamba ɗaya, jimillar shekara ta canza da kanta. Ba wata fasaha ba ce mai zurfi, duk wanda ya iya ninkawa zai iya.

Sai na bi layukan ina tambayar kaina, wannan mene ne ke ɗaga shi? Takarda, tawada, magungunan ɗakin shan magani, sinadaran ɗakin gwaje-gwaje, kayan gyaran inji, fulawa da sukari, duk wutsiyar dala suke bi, wasu a cikin mako guda, wasu sai tsohon kaya ya ƙare a shago. Itace, kayan miya da kuɗin dako, man fetur da dizal ke jan su. Hatsi yana da nasa lokacin, ya yi sauƙi da kaka, ya hau daga bazara zuwa tsakiyar damina. Akwai kuma waɗanda alƙalamin hukuma ke canzawa a dare ɗaya. A Afrilun 2024 aka mayar da kuɗin wutar masu rukunin A, wato layukan da aka fi ba wuta, naira 225 kan kowane yunit daga ƙasa da naira 70, layinmu kuma yana ciki. A Yuli aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Irin waɗannan babu lissafin kashi kaza cikin ɗari da zai hango maka su. Ranarsu kawai za ka riƙa sauraro.

Nan ne na daina dogaro da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa wajen yin ƙari, ba don ƙarya ba ne, sai don ba namu ba ne. A Yunin 2024 ta ce hauhawar farashi kashi 34.19 ce, ta abinci kuma 40.87. Wannan kwandon sayayyar magidanci ne a faɗin ƙasa. Kwandon makarantar kwana daban yake: albashi ya fi komai nauyi a cikinsa, sai hatsi, sai mai. Da na lissafa namu layi-layi, wasu sun ninka, wasu da ƙyar suka motsa. Da a ce kashi 34 na shafa wa kowane layi, da na ba alli abin da ba ya buƙata na hana wake.

A ƙarshen Yuli na fara haɗa kasafin 2024/2025. Ina cikin aikin zanga-zangar 1 ga Agusta ta ɓarke, aka sa dokar hana fita a Kano, kasuwanni suka rufe, farashin makon sai ta waya na same shi, shi ma kowa faɗin nasa yake. Maimakon jimilla ɗaya, guda uku na kai wa kwamiti: na sauƙi, na tsakiya, na tsanani. Adadin kaya ɗaya ne a dukkansu, farashin da na ɗora ne ya bambanta. A na tsakiya na bar dala kusa da inda take, wajen 1,600. A na tsanani na kai ta 2,000, na kai fetur naira 1,000.

Wani malaminmu da ke cikin kwamitin bai ji daɗin shafi na uku ba. Ya ce wannan ai mugun fata ne, mutum ya zauna ya rubuta wa kansa masifa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba cewa na yi za ta faru ba. Cewa na yi in ta faru kada ta same mu muna gardamar wa za a fara yanka." Ya yi shiru, sannan shi da kansa ya kawo ƙissar Annabi Yusuf da shekaru bakwai na yalwa da bakwai na fari. Ya ƙara da cewa bambancinmu da su, su an faɗa musu yawan shekarun, mu ba a faɗa mana ba, saboda haka ya janye maganarsa, a ci gaba.

Ɓangaren kashewa ke nan, kuma shi ne mai sauƙin. Ɓangaren shiga ya fi ba ni wahala, domin a can ba da buhu kake lissafi ba, da mutane ne.

Tsohon kasafi yakan ninka yawan ɗalibai da kuɗin makaranta ya kira shi kuɗin shiga. Wannan abin da muke bin iyaye ne, ba abin da ke shigowa ba. Na ɗauko rasidan shekarun baya na jera su mako-mako, sai ga tsarin biyan ya fito sarai. Wasu suna biya gaba ɗaya a makon farko. Ma'aikatan gwamnati sai alat ɗin ƙarshen wata ya shigo, su biya kashi-kashi. 'Yan kasuwa kuwa kasuwarsu suke bi: na Kwari kafin Sallah kuɗinsa yana cikin kaya, ba zai taɓa shi ba sai bayan ta wuce, mai noma kuma da damina ta faɗi taki ne a gabansa. Azumi da layya duk suna cin rabonsu kafin a tuna da mu. Tunda watannin Musulunci suna matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, ramin ma yana sauya wuri, dole kalanda biyu zan riƙa shimfiɗawa a teburi. Akwai kuma kason da ba ya shigowa sam, na marayu da na waɗanda kasuwa ta karye musu, waɗanda babu mai zuciyar korar 'ya'yansu. Na cire shi daga lissafi tun farko, domin rubuta shi a matsayin kuɗin shiga yaudarar kai ce.

Da aka zo maganar ƙarin kuɗin makaranta, mafi yawan 'yan kwamiti gani suke abin a fili yake: kashewa ta ƙaru, a ƙara kuɗi daidai da ita. Na tashi na yi musu lissafi a allo. A ce an ƙara kashi 30, sai ɗalibi ɗaya cikin goma ya koma wata makaranta. Abin da ya rage na ƙarin kashi 17 ne. A ce kuma a da ana karɓo naira 90 cikin kowace 100 da ake bi, yanzu saboda nauyi ya koma 80. Ƙarin ya dawo kashi 4. An ɓata da iyaye, an rasa yara, ga abin da aka samu. Malaman aji kuwa albashinsu ɗaya ne ko yara 30 ne a gabansu ko 27.

Shawarar da aka tsaya a kai ita ce a raba kuɗin gida biyu. Kuɗin karatu a tsayar da shi na shekara, a yi masa ƙari madaidaici, ba za a sake taɓa shi ba sai wata Satumbar. Kuɗin abinci da mota kuwa a riƙa duba shi kowane zango bisa farashin kasuwa. A taron iyaye da malamai na haska musu takardar adadin kaya a bango, buhu kaza, lita kaza, ga farashin bara, ga na yau. Zauren ya yi zafi. Wani uba ya miƙe ya ce, "Malam Ma'aji, mun ji, mun kuma gani. Amma idan kaya suka sauko, za ku sauko?" Alhaji ne ya karɓe amsar, ya ce a rubuta a takardar bayan taro cewa za a sauko. Ni kaina a lokacin ban ɗauka ranar cika wannan alkawarin tana kusa ba.

Takardar da Alhaji ya nema tun cikin azumi ita ce ta ƙarshe da na haɗa, kuma ita nake buɗewa kullum. Jadawali ne na mako 13, kusan tsawon zango guda. Kowane mako yana da abin da ke banki ranar Litinin, abin da nake sa ran zai shigo, abin da dole ya fita, da abin da zai rage ranar Juma'a. Mako ya wuce, in goge hasashe in sa gaskiyar abin da ya faru, in ƙara sabon mako a can ƙarshe. Kasafi zai iya nuna maka rara a ƙarshen shekara alhali akwai wata Juma'a a tsakiya da asusu zai zama wayam, kuma ita wannan Juma'ar ce ke rufe makaranta. Mu sau uku muke karɓar kuɗi a shekara, albashi kuwa sau 12 muke biya. Wata mafi haɗari shi ne Agusta: babu yara, babu biya, ga albashi, ga gyaran azuzuwa, ga sayayyar sabuwar shekara. Sai muka buɗe asusu na dabam, duk kuɗin da ya shigo a cire wani kaso a zuba can da sunan albashin hutu, kuma ba a cire ko sisi sai da sa hannun mutum biyu.

Daga nan muka yi abin da na fi ganin amfaninsa, wanda kuma ya fi cin lokaci. Muka jera abin da za a dakatar idan abubuwa suka ɓaci, ɗaya bayan ɗaya, tun hankalin kowa yana kwance. Fentin gini ne farko, sai sababbin kujeru, sai tafiyar buɗe ido ta ɗalibai, sai walimar saukar karatu a rage mata armashi, sai awannin janareto na rana. A ƙasa muka ja layi muka rubuta abin da ba a taɓawa: albashi, abincin yara, magani. Kowane mataki muka ɗaura shi da alama da kowa zai iya gani da idonsa, misali idan litar mai ta wuce kaza ta kuma yi mako biyu a can, ko idan abin da aka karɓa a mako na shida bai kai kaza ba. Alamar ta bayyana, shugaban makaranta da ni mu aiwatar, mu sanar da kwamiti daga baya. Gardamar da aka sha a kan jerin nan ba kaɗan ba ce, musamman walimar sauka, wadda wasu ke ganin ita ce fuskar makarantar a idon gari. Gara dai da aka yi ta a Agusta.

Ba a jima ba aka gwada tsarin. A farkon Satumba fetur ya tashi, a Oktoba ya haura naira 1,000, wato ya tsallake har shafin tsananin nawa. A ƙarshen Oktoban kuma layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da maƙwabtanta suka yi kwanaki cikin duhu, janareto ya koma aikin dare da rana. Dala kuwa ba ta kai 2,000 ba. Abin da ya zo bai yi kama da ko ɗaya daga cikin shafuka ukun ba, kansa na tsanani ne, ƙafarsa ta tsakiya. Jimillar shafukan ba ta amfane ni da komai ba, alamomin da muka ɗaura wa kowane kaya su suka yi aiki. Aka ajiye fenti da kujeru, aka taƙaita janareto ga famfon ruwa da karatun dare, ba a kira taron gaggawa ba, ba wanda ya ɗaga murya.

Albashi shi ne inda babu dabara. Gwamnatin Kano ta sanar da naira 71,000 ga ma'aikatanta daga Nuwamba. Dokar tarayya ta ɗauke wa wuraren da ba su kai ma'aikata 25 ba, mu kuwa mun wuce haka. Kuma ɗaga na ƙasa ba ya tsayawa a na ƙasa: idan mai shara ya matso kusa da malamin da ya shekara biyar yana koyarwa, dole a matsar da malamin. A kan kowane ƙari akwai kashi 10 na fansho da ke wuyan makaranta. Mun raba ƙarin gida biyu, wani a Nuwamba, wani a Janairu bayan kuɗin zango na biyu ya fara shigowa, kuma na tara ma'aikata na nuna musu jadawalin makonnin don su ga dalili. Duk da haka wasu malaman lissafi da kimiyya sun tafi inda ya fi. Ba na ganin laifinsu.

Sai maganar kuɗin da ke zaune. A Satumba da Oktoba asusu yakan cika da kuɗin da ba za a kashe ba sai nan da watanni. Alhaji ya ce riƙe naira a irin wannan lokaci kamar riƙe ƙanƙara ne a watan Afrilu. Wani ɗan kwamiti, tsohon ma'aikacin banki, ya kawo shawarar takardun lamunin gwamnati na gajeren zango, waɗanda a lokacin suke biyan sama da kashi 20, tunda Babban Banki ya yi ta ɗaga kuɗin ruwa har ya kai shi 27.5 a Nuwamba. Malam ya ce wannan riba ce, makarantar Alƙur'ani ba za ta ci ba, maganar ta mutu a nan. Wani ya ce a sayi dala. Alhaji ya girgiza kai, ya ce ya san mutanen da suka saya a 1,800 cikin Fabrairu, Afrilu na zuwa ta faɗo ƙasa da 1,200, wasunsu har yau ba su miƙe ba. Aka tsaya a kan biyu: kuɗin albashin hutu a sa shi a ajiyar mudaraba, wadda ake juya kuɗin a raba riba, a wani bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, kuɗin abinci kuma a mayar da shi hatsi da kaka.

Muka shiga Dawanau a ƙarshen shekara muka sayi masara, gero, dawa da wake na zango biyu. Iyakar abin da sito zai ɗauka ke nan, kuma ban yarda a taɓa kuɗin wani layi a ƙara ba. Waken muka zuba a buhunan PICS masu leda biyu a ciki saboda ƙwari, don kada a sa wa abincin yara magani. Ko'ina ka juya a kasuwar a lokacin, masu ajiya ne ke loda motoci, kowa ya tabbata abin da ya faru bara zai maimaita kansa.

Bai maimaita ba. Gwamnati ta riga ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci tun Yulin 2024 na kwana 150, dala ta lafa, kuma da azumin 2025 ya zo a farkon Maris, lokacin da aka saba kaya su tashi, sai hatsi ya yi ta sauka. Masu ajiya da yawa sun tafka asara. Mu ma masarar da ke sitonmu ta fi ta kasuwa tsada, kuma an faɗa mini haka a zaman kwamiti ba sau ɗaya ba. Amsata ita ce ba don mu sayar muka saya ba. Mun saya ne don mu iya gaya wa iyaye kuɗin abinci a Janairu mu kuma tsaya a kansa har Yuli, kuma mun tsaya. Wannan tabbacin yana da farashi, wata shekarar kasuwa ce ke biyansa, a wannan karon mu muka biya. Amma an gyara ƙa'idar: rabi da kaka, rabi wata-wata.

A tsakanin nan ne Alhaji ya kira ni wata safiya cikin Fabrairu, ya ce ya ji a rediyo hauhawar farashi ta faɗo daga 34.8 zuwa 24.48 a wata guda, me ya sa takardata ba ta nuna ba? Na ce, "Ranka ya daɗe, ma'aunin aka sauya." Hukumar ta bar shekarar 2009 da take auna farashi da ita ta koma 2024, ta kuma rage nauyin abinci a kwandon daga sama da rabi zuwa kashi 40. Ko da ma ba a sauya ba, saukar wannan lamba ba ta nufin kaya sun yi arha, tana nufin gudun tashinsu ne ya ragu. Ya ce to shi dai abin da dillalin Dawanau ya faɗa ranar Asabar shi zai riƙa tambayata.

Da muka zauna kasafin 2025/2026, uban nan da ya yi tambaya a taro bai manta ba, ya zo da kwafin takardar bayan taron a aljihu. Aka rage kuɗin abinci. Ba da yawa ba, domin hatsi ne ya sauka, nama da man girki da itace ba su bi shi ba, kuma na nuna musu layi-layi. Kuɗin karatu kuwa an ɗan ƙara saboda albashi. Wasu sun tafi suna cewa an ba su da dama an karɓe da hagu, amma karɓar kuɗin makon farko na wannan zangon ta fi ta bara.

Abu biyu ne a kan teburina yanzu. Na farko sola. Littafin mai janareto ya ba mu ainihin litar da muke ƙonawa a shekara, dala kuma a 2025 ta daɗe tana zagaye 1,500, don haka a karon farko ana iya lissafa shekara nawa faifan da baturan za su mayar da kuɗinsu. Kwamiti ya amince a fara da famfon ruwa da ɗakunan kwana, a biya kashi-kashi daga abin da aka rage na dizal, ban da asusun albashi. Na biyu sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, masu fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, waɗanda suka ɗauke haraji daga naira 800,000 ta farko a abin da mutum ke samu a shekara. Ƙananan ma'aikatanmu da dama abin da ake cire musu zai canza, don haka takardar albashi sai an sake ta suna bayan suna. Na fara da masu gadi da ma'aikatan kicin, malaman firamare ne a gabana wannan makon.